Soyayya da fatalwa a daren sanyi: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Anti sannu da aiki. Ni dai na cinye labaran aljanu na Hausa a manhajar Wattpad har na fara gane ƙarshensu tun daga shafin farko, to ƙawata ta ce in gwada na Turawa, irin na lokacin Kirsimeti masu tsohon gida da fatalwa da soyayya. A Kindle, manhajar sayen littattafai ta Amazon, ake sayarwa kuma da dala, kin san yadda dala take yanzu. Ya cancanci kuɗina?

Amsa: Ƙanwata, ki fara cire aljani daga ranki tukun, don in da shi kika shiga irin littattafan nan wallahi haushi za ki ji. Fatalwar Bature mamaci ne da ya bar wata magana bai gama ba, ba ya hawa kan kowa, babu malam babu ruƙiyya, sai dai ƙofa ta buɗe da kanta ko a ji takun ƙafa a bene cikin dare. Abin tsoron ma gidan ne, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, akwai ɗaki ɗaya da aka hana kowa shiga, ga maigida miskili da ke ɓoye wani abu, ita kuma yarinyar tana son shi tana tsoron shi lokaci guda.

Haɗa Kirsimeti da fatalwa tsohuwar al'ada ce a Ingila, a Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, sai iyali su kewaye murhu ana labarin ban tsoro, kamar dai tatsuniyarmu ta dare lokacin hunturu. Marubuci Charles Dickens ya fitar da littafin A Christmas Carol a 1843 kuma fatalwa ce ta riƙe labarin, sai dai babu soyayyar da kike nema a ciki.

Masu karanta sababbin littattafan kuwa kullum rigimarsu ɗaya ce, wasu na cewa fatalwar ado ce kawai an sa ta don bango ya yi kyau, wasu na cewa tsoron ya cinye soyayyar. Ni ina tare da na farko, da yawansu in ka zare fatalwar labarin ko gezau. Don haka kar ki biya tukun. Kindle na ba da somin-taɓi kyauta, ki karanta, in har ya ƙare gabanki bai faɗi ko sau ɗaya ba ki riƙe kuɗinki. Sannan littafin Jane Eyre na 1847 yana shafin intanet na tsofaffin littattafai, Project Gutenberg, kyauta, ba na Kirsimeti ba ne kuma Turancin da nauyi, amma kusan duk a tukunyarsa suka ɗiba.

Tambaya: Hajiya 'yata mai shekara 15 ce ta nace in saya mata irin waɗannan, bangon dai ba laifi, gida ne da kyandir.

Amsa: Maman yarinya, bango ba ya faɗin gaskiya. Ki duba sharhin waɗanda suka karanta a Goodreads, shafin intanet na sharhin littattafai, da yawa suna sa hoton barkono don nuna yawan batsar da ke ciki, in kin ga barkono biyu ko uku ki wuce. Ki nemi wanda aka rubuta don matasa, kuma ki riga ta karanta babi uku ko huɗu na tsakiya, don a nan ake ɓoye abin, ba a farko ba.