Amsa ga mai tambaya kan juyen mai da na'urar zuƙa

Ɗan uwa wallahi ina karanta tambayarka sai da raina ya sake ɓaci, domin wannan ɗigar da ka ce notin ƙasan kwanon man injin motarka yake yi tun bayan sabis, har kake tunanin sayen na'urar da ke zuƙe mai ta ramin geji (sandar da ake duba yawan man inji da ita), ita ce ta kai ni ga sayen tawa.

Ni wani bakanike ne ya cuce ni. Kwanon mai na motata na alminiyam ne, shi kuma ya sa doguwar sifana ya danna da duk ƙarfinsa har haƙoran ramin suka cinye, maimakon ya gaya mun sai ya naɗe notin da farin tef ɗin masu gyaran famfo ya mayar, ko washa bai canza ba. Bayan kwana uku da daddare ina kan hanya da iyali, yara suna barci a baya, sai jar fitilar mai ta kama. Na tsaya na haska ƙasan motar da waya, mai yana zuba ɗis ɗis ɗis, na zaro geji a bushe. Da na koma wajensa wai sai ya ce dama haka ya samu notin. Ko haƙuri bai ba ni ba, wannan maganar har yau tana ci mun rai fiye da kuɗin sabon kwanon.

To na'urar dai tana aiki, amma dan Allah ka fara ɗumama injin kamar minti 5 zuwa 10, mai sanyi da kauri yake, sai ka yi ta buga famfo hannunka ya gaji. Kuma kar ya yi zafi sosai, tiyon na'urar na roba ne. Ka gwada tsawon tiyon da na geji ka sa alama, idan ka ji ya taɓa ƙasa ka tsaya nan, in ka ci gaba da turawa lanƙwashewa yake yi sama ya riƙa jan iska, wani lokacin ma ya maƙale. Ranar farko haka ta faru da ni, lita 3 kawai na samu a motar da ke cin lita 4 da ɗan ƙari, shi ya sa kullum nake duba ma'aunin jikin tankin na'urar in kwatanta da abin da littafin motar ya ce.

Filta fa dole ka canza, in taka a ƙasa take sai ka shiga ƙasan duk da haka. Wasu sababbin motocin ma ba su da geji sam, ka duba taka kafin ka saya.

Amma wannan ɗigar taka kar ka bar ta, na'ura ba za ta tsayar da ita ba. Ka sa a cire notin a gabanka ka ga haƙoran da idonka, in washa ce kawai ka gode Allah. Wace irin mota ce ma taka?