Numfashi 20 da Ba Wanda Ya Ƙirga

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an kai ku bita ta kwana uku a kan sefsis, wato yadda cuta ke sa gaɓoɓin jiki su fara gazawa, har da takardar shaida, amma da ka dawo bakin aiki sai ka tarar kowa da zazzaɓi ya zo, kowa aka gwada sai a ce maleriya. Kana so ka san yadda za ka ware wanda cuta ke cin jikinsa tana neman kai shi kabari daga wanda sauro kawai ya ciza. Ba kowace tambayar ɗalibai nake amsawa ba, don yawancinsu suna shafin farko na littafinku. Wannan kuwa ta fama min wani miki da shekara 17 ba su warkar da shi ba. Don haka ka natsu ka ji.

Da damina ne, a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ba zan faɗi sunansa ba. Ka san yadda damina take a wurinmu: gado ɗaya yara biyu, wasu a tabarma, wasu a baranda. Bayan la'asar aka kawo wata yarinya da ba ta wuce shekara 19 ba, haihuwar fari, kwana huɗu da sauka a gida. Zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon jiki. Aka ɗebi jini, aka ga maleriya, aka ɗaura mata ruwa da kwinin kamar yadda ake yi a lokacin, aka kwantar da ita a ɗakin gaggawa saboda ɓangaren mata ya cika. Wanda aka bar wa ɗakin wani yaro ne sabon ɗauka, mai guga a riga da iya gaisuwa.

Ni na karɓi aikin kwana da ƙarfe 9, ɗakuna huɗu a wuyana. Da na shigo zagaye na tambaye shi, ya miƙo min kati. Ƙarfe 6: numfashi 20, bugun zuciya 80, awon jini 120 bisa 80. Da na sake leƙowa ƙarfe 10 ya sake nuna min: 20, 80, 120 bisa 80. Rubutu tsaf, irin awon mai lafiya ƙalau. Ita kuma tana kwance ta juya wa bango fuska, an lulluɓe ta da zannuwa, uwarta na zaune a ƙasa da jariri. A ɗakin yara akwai wani yaro da ke ta jijjiga, sai na yarda da takarda na wuce can. Wannan wucewar ita ce tawa, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ita ba.

Wajen ƙarfe 2 na dare uwar ta biyo ni har ɗakin yara. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ta fara surutai, ina jin iskokinta ne suka tashi, ko za a bar mu mu kai ta gida a yi mata hayaƙi?" Na ɗauki tocila. Ina kama hannunta na ji sanyi kamar randa. Na danna farcenta, ya yi fari ya ƙi dawowa. Na sa agogo: numfashi 36 a minti ɗaya. Bugu ya haura 130, siriri kamar zare. Awon jini 70 bisa 40. Na tambayi uwar yaushe rabonta da fitsari, ta ce tun hantsi. Tun hantsi, ɗana! Na aika aka kira ungozoma daga ɗakin haihuwa, tana ɗaga zani warin jinin biƙi ya cika ɗakin. Guntun mabiyiya ne ya maƙale a mahaifa ya ruɓe. Babu wanda ya tambaya, ita kuma kunyar haihuwar fari ba za ta bar ta ta faɗa wa namiji ba.

Robar ruwan da aka sa mata ta toshe tun da daɗewa. Jijiyoyi duk sun kwanta. Ni da ake kira daga wasu ɗakuna idan jijiya ta gagara, sai da na yi kusan minti 40 kafin na samu ɗaya. Ɗakin magani a kulle, mai makulli yana gida. Mijin ya hau babur cikin ruwan sama ya je ya tada mai kemis a gari. Likita ya zo da gudu, ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jikinta wajen ƙarfe 4, kusan awa 12 bayan ta taka ƙofar asibiti da ƙafarta. Ana sallame sallar asuba ta cika.

Na ja yaron nan gefe na ce ya kalli idona ya faɗa min ko ya ƙirga. Ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce ai ta yi barci, bai so ya tashe ta ba, kuma ai kowa 20 yake rubutawa. Da aka zo bincike, takarda ce ta yi magana: har ƙarfe 10 lafiyarta ƙalau, ke nan a hannuna ta lalace. Ni aka ba takardar tuhuma, ƙarin girmana ya tsaya shekara biyu. Shi kuwa yana da wani a sama, aka mayar da shi birni, har ya riga ni hawa mataki. Wannan yana yi min ciwo har yau, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ke hana ni barci shi ne tsohuwar nan, da ta goya jaririn ta zo ta durƙusa ta ce, "Allah ya saka da alheri, kun yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare." Na san kwana na ƙarewa, ba na jayayya da ƙaddara. Amma an ba mu amana, mun rubuta ƙarya a kai, kuma aka yi mana godiya.

To, ga amsarka. Sefsis ba wata cuta ce daban mai ƙwayarta ba. Kowace irin cuta ce, ta huhu, ta mafitsara, ta hanji, ta mahaifa, ko gyambon ƙafar mai ciwon suga, idan jiki ya tashi yaƙarta ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata ƙodarsa da huhunsa da ƙwaƙwalwarsa. Saboda haka ka daina tambayar kanka wace cuta ce. Ka fara da tambayar ko gaɓoɓinsa sun fara gazawa. Amsar tana hannunka da agogonka, ba sai da na'ura ba.

Numfashi ne ke fara tona asiri, kuma shi ne aka fi yi wa ƙarya. Ka ƙirga minti ɗaya cur, ba daƙiƙa 15 ka ninka ba, kuma kada ka gaya masa kana ƙirgawa, ka riƙe hannunsa kamar bugu kake ji. Babba da ya kai 22 zuwa sama, ka buɗe ido. Awon jini na sama ya sauko 100 ko ƙasa, ka ƙara buɗewa. Hankali ya fara gushewa, ko surutai, ko yawan barci, ko dattijon da ya gaishe ka da safe yanzu bai gane ɗansa ba, wannan na uku ke nan. Biyu daga cikin ukun nan a jikin mai wata cuta, ka ɗauka gobara ce. Waɗannan ukun su aka fito da su a 2016, na tabbata an nuna muku a bita. Abin da ƙila ba a nanata muku ba shi ne, ƙwararrun da ke tsara ƙa'idojin sefsis na duniya sun ce a 2021 kada a dogara da su su kaɗai, domin suna barin mutane da yawa su zille. Matashi mai ƙarfi yana iya riƙe awon jininsa daidai har kusan ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci guda. Yara sun fi haka. Idan ka jira awon jini ya faɗi kafin ka motsa, ka makara. Don haka ka haɗa da farce: ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo da launinsa ba, akwai magana. Ka haɗa da fitsari. Kuma kada ma'aunin zafi ya ruɗe ka, wanda jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 36 ya fi mai zafi 39 ba ni tsoro, musamman tsoho da jariri.

Maganar maleriya kuwa, a ƙasarmu da damina mutum na iya yawo da ƙwayarta a jini yana noma lafiya lau. Gwaji ya nuna akwai, to ka yi maganinta, amma bai ce babu wani abu bayan ita ba. Yarinyar nan tana da maleriya da gaske, sai dai ba ita ta kashe ta ba. Mai jego da zazzaɓi, mahaifa ce har sai an duba an ce ba ita ba. Wanda aka yi wa aiki, ka buɗe bandeji. Mai robar fitsari, ka dubi abin da ke cikin jaka. Mai ciwon suga, ka cire masa safa da hannunka. Idan wurin dubawa ba naka ba ne, ka kira mace ta duba, amma a duba. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya ya ƙi jin antibayotik, balle da zubar jini, ka tuna da zazzaɓin Lassa, ka kare kanka ka kai rahoto.

Ba zan tsaya koya maka sa robar ruwa ko wanke hannu ba. Wanda ya kai shekarar ƙarshe bai iya waɗannan ba, ya nemi wata sana'a. Abin da zan faɗa maka shi ne awa ɗaya. Daga lokacin da ka ga alamun nan da faɗuwar jini, antibayotik ta jijiya ya shiga cikin awa ɗaya. Idan asibitinku na shuka jini don gano ƙwayar cuta, a ɗiba kafin allura, amma kada jiran kwalba ya cinye awar. Oksijin idan ya yi ƙasa. Ka gwada suga, tsinke ɗaya ne, kuma ƙarancinsa na kisa cikin mintuna. Ruwan gishiri za ka ɗaura, ba ruwan suga ba. Ƙa'idar babba mililita 30 ce a kowane kilo cikin awa uku na farko, mai kilo 60 ke nan lita 1.8, kusan leda huɗu. Amma kada ka sake su ka tafi hira. Leda ɗaya, ka dawo ka saurari ƙirji, ka sake ƙirga numfashi, sannan ta gaba. A Lusaka ta Zambiya an gwada tura wa manya ruwa da yawa da sauri a inda babu injin taimakon numfashi, aka wallafa a 2017, waɗanda aka tura wa sun fi mutuwa. Yara kuwa, binciken da ake kira FEAST na 2011 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, ya nuna cikin kwana biyu sama da 10 cikin 100 na waɗanda aka tura wa ruwa da ƙarfi sun mutu, alhali 7 cikin 100 ne a waɗanda ba a tura wa ba. Ni kaina na yi shekaru ina matse leda a kan yara da niyyar ceto, sai da labarin binciken nan ya iso na daina. Kada ka yi wa yaro lissafin babba. Kuma duk ruwa da allurar duniya ba za su yi aiki ba idan ruɓaɓɓen abu na nan a ciki: mahaifa a wanke, ƙurji a tsaga, robar da ta daɗe a cire.

Idan za ka kira likita, kada ka ce masa "mai gado na shida jikinta ya tsananta." Kowa jikinsa ya tsananta, zai ce yana zuwa. Ka ce: mai jego ce, kwana huɗu, numfashi 30, bugu 120, awon jini 90 bisa 60, ba fitsari awa takwas, ina zargin sefsis, ina so ka zo yanzu. Ban taɓa ganin likitan kirki da ya ji wannan ya koma barci ba. In bai zo ba, ka kira na sama da shi, ka rubuta lokaci. Gara a ce maka mai ɗaga hankali.

Abin da ke ɓata min rai da ku yaran yanzu, kuna da abin da ba mu samu ba. Ga ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna oksijin, ga injin awon jini mai batir, ga waya da duk littattafai a ciki. Amma sai in shigo ɗaki in tarar da mutum uku a tebur kowa ya duƙufa a waya, ana lissafin jarrabawar fita Ingila ko Saudiyya, babu mai agogo a hannu. Ana rububin zuwa bita don kuɗin zama da takarda, a dawo ba a koya wa ko mutum ɗaya ba. An gaya muku a can cewa a 2017 mutum miliyan 11 sefsis ya kashe, kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa. Kun haddace, za ku ci jarrabawa da shi. Ni kuwa idan aka ambaci miliyan 11, fuska ɗaya nake gani, ta juya wa bango. Shi ya sa duk ɗalibin da ya biyo ta hannuna, idan na ga 20 ta jeru sau uku a katinsa, tare muke komawa bakin gado mu ƙirga, a gaban mara lafiya da danginsa. Sun ce ina da zafi, na ji. Idan ba ka auna ba, ka bar gurbin babu komai ka ce min ban auna ba, zan yi faɗa, amma zan je in duba.

Kai da ka yi tambaya, ka bambanta da su, shi ya sa na zauna na yi maka wannan dogon bayani. Gobe ina aikin safe. Ka zo ƙarfe 7 da agogo mai nuna daƙiƙa, ba na waya ba. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da gyambo a diddige, an rubuta masa 20 tun shekaranjiya, ni kuma da na wuce ta gabansa ɗazu ban gamsu da yadda ƙirjinsa ke ɗagawa ba. Na ƙirga, na kira likita, an canza masa magani. Ba zan faɗa maka nawa na samu ba, kai za ka ƙirga na goben ka gaya min.