Tambaya da Amsa: Zanen DNA ya ƙi gudu a oxDNA

Tambaya: Malam, na zana siffar DNA a caDNAno (manhajar zana siffofin DNA), na juya ta da tacoxDNA (manhajar sauya tsarin fayil), amma da na saka ta a oxDNA (manhajar kwaikwayon motsin DNA a kwamfuta) sai manhajar ta tsaya tun matakin farko. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, yawanci laifin yana wuraren da zare ke tsallakawa daga wannan murɗi (tagwayen zaren DNA da suka nannaɗe juna) zuwa wancan. caDNAno a shimfiɗe yake jera murɗa-murɗan, don haka wasu mahaɗan ƙashin bayan zaren kan fito a miƙe fiye da kima, oxDNA kuwa ba ta jure hakan.

Maganin shi ne sassautawa. Ki buɗe fayiloli biyun da tacoxDNA ta fitar, .top da .dat, a oxView (manhajar kallo da gyara siffar), ki matso da sassan da suka yi nisa da juna. Sai ki taƙaita ƙarfin jan mahaɗan da saitin max_backbone_force na oxDNA, 5 ya wadatar, ki gudanar da Monte Carlo (hanyar gwada ƙananan motsi na kan-mai-uwa-da-wabi) na matakai 'yan dubbai. Bayan nan ki koma kwaikwayon motsi a GPU (na'urar sarrafa hoto ta kwamfuta), matakai kamar miliyan ɗaya, dt (tazarar lokacin kowane mataki) kusan 0.002, tare da tarkunan da ke riƙe tagwayen haruffan DNA (A da T, G da C) kada su rabu. Idan makamashin ya daidaita, ki cire taƙaitawar da tarkunan.

Abu biyu da ake yawan mantawa: fayil ɗin caDNAno ba ya ɗauke da jerin haruffa, ke za ki sa na M13mp18, dogon zaren da ake naɗawa a yi siffar, mai haruffa 7249. Akwatin da ake kwaikwayon a cikinsa kuma dole ya fi siffar girma sosai, domin abin da ya fita ta gefe ɗaya yakan shigo ta ɗayan; in ba haka ba za ta yi karo da kanta ta ɗaya gefen.