Amsa ga mai tambaya kan wasan The Case of the Golden Idol

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi laftof ɗin hannu a Beirut Road, kana tambaya ko za ta ɗauki wasan nan, kuma ko ya cancanci kuɗinsa.

Ɗauka kam za ta ɗauka. Zanensa irin na wasannin kwamfutar da ne, ba gudu, ba harbi, linzami kawai kake dannawa. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Latbiya ne suka yi shi da sunan Color Gray Games, ya fito a 2022. In ka sauke shi daga Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta a intanet, kana iya bugawa ba data, ko an ɗauke wuta sai dai ka lura da batir.

Labarin a ƙarni na 18 yake, ya faro daga 1742, inda wani ya hankaɗa abokin tafiyarsa daga saman dutse saboda wani gunkin zinare. Daga nan mutuwa ke bin mutuwa, kowacce an tsayar maka da ita cak kamar hoto. Kai ne za ka laluba aljihun kowa, ka karanta wasiƙu, ka duba abin da ke hannun mamaci. Duk sunan da ka danna ko kalma, sai ta sauko ƙasan allo ta taru. Sannan ka juya shafin tunani, inda aka bar gurabe a cikin jimloli, ka cike: wane ne ya kashe wane, da me, a ina.

A nan ne sababbi ke ɓata wa kansu wasan. In kuskurenka bai wuce biyu ba, wasan zai faɗa maka, sai mutum ya koma canki-canka, yana sauya sunaye har ya dace. Zai wuce babin, amma bai san dalilin kisan ba, kuma babukan gaba a kan dalilan nan aka gina su. Zuri'ar Cloudsley, iyalin da labarin ke bibiya, da masu yi musu hidima suna ta dawowa, wani ya tsufa, wani ya rufe fuska.

Don haka fara da fuskoki, ka tabbatar da sunan kowa kafin ka taɓa jimlar kisan. Ka kula sosai da wasiƙar aljihu: sunan da ke samanta yawanci na wanda aka aiko wa ne, na ƙasa kuma na mai aikowa, kuma wani lokacin ma a aljihun wanda ya sace ta take. Wannan kaɗai ya kayar da mutane da yawa. Ka ajiye biro da takarda ka zana wa ya haifi wa. Ka kuma kunna alamar da ke nuna wuraren dannawa, neman ɗigo a allo wahalar ido ce kawai.

Abu biyu kafin ka biya. Turancinsa na son karatu a tsanake, in ka yi tsallake ka rasa hujja. Kuma akwai gawarwaki, giya, da ƙungiyar asiri mai girmama gunkin, ko da yake labarin ɓarnar da kwaɗayinsa ya jawo yake nunawa. Kada ka bar wa yara su buga su kaɗai.

In ka kai babin rabon gado ka maƙale, turo hoton shafin tunaninka, a nuna maka inda za ka sake dubawa ba tare da an faɗa maka mai laifin ba.