Tambaya da Amsa: Ina Koyar da Lissafi, Jami'a Ta Ce Ba Ni da Lissafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta a Agege. Nan aka haife ni, nan aka haifi mahaifina, kakanmu ne ya zo daga ƙasar Katsina da fataucin goro. Na yi NCE a fannin ilimin firamare, na fita da sakamako mai kyau, shekara 7 ke nan ina riƙe da aji huɗu. Bana na sayi fom ɗin DE, wato na shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu, don in yi digiri, sai wata jami'a a nan Legas ta mayar da ni tun wurin duba takardu, wai D7 gare ni a lissafin WAEC, bai kai kiredit ba. Lissafin nan fa ni nake koya wa yara shi kullum da safe. Ƙanwar mijina da ta gama sakandare bara, ko alli ba ta taɓa riƙewa ba, ta samu gurbi a tsangayar ilimi. Yayana ya ce don ni Bahaushiya ce. Baba, wannan adalci ne? Kuma yaya zan yi?
Malama daga Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa albarka a aikin. Zan fara da maganar yayanki, don irinta ce ke saurin kwanta wa mutum a rai. A wannan karon bai faɗi daidai ba. Ƙanwar mijinki ai Bahaushiya ce, ga ta a ciki. Ke tun a bakin ƙofa aka tsayar da ke, ba a ma kai ga tambayar jiharki ba.

Da an kai ga jihar, a jami'ar tarayya Katsina ba za ta cuce ki ba. Ƙa'idar raba gurabe a can ita ce kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suke, kashi 35 ga jihohin yankin da jami'ar take, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin na baya a ilimin boko. Katsina na cikin wannan rukuni na ƙarshe, da Kano da Jigawa da Sakkwato da Zamfara, har da wasu na kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. Jami'ar Legas da ke Akoka, yankinta jihohin Yarbawa shida ne: Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. A kashi 35 ɗin ba ki da rabo, amma kina da shi a kashi 20, wanda ɗan Oyo ba ya ciki. Su ma can suna ƙorafi, suna cewa ana ɗaukar ɗan arewa da makin da bai kai nasu ba. Na sha jin wannan a ɗakin malamai, wani lokaci a gabana, a zatonsu ba na jin Yarbanci.

Inda yayanki zai yi gaskiya shi ne a jami'o'in jiha. Su 'yan asalin jiha suke sa wa gaba, kuma a Nijeriya asali na kakan mutum ne, haihuwa da zama ba sa ba da shi. Ke da ubanki duk 'yan Zangon Agege ne, harajinku a Legas kuke biya, amma takardar shaidarki sai an je ƙaramar hukumar da wataƙila biki kaɗai ke kai ki. Wannan ni ma ban ga adalcinsa ba. Sai dai kada mu yi kamar mu kaɗai ake yi wa. Bayeraben da aka haifi kakansa a Ayagi cikin birnin Kano, in ya nemi gurbi a jami'ar jiha a can, abin da zai tarar ke nan.

To, D7. Nan fa ina bayanki, amma da sharaɗi.

Kwalejin ilimi ta san da D7 ɗin nan ranar da ta ɗauke ki. An daɗe ana sassauta shiga NCE saboda masu nemanta sun yi ƙaranci. A 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 150 ne, na kwalejin ilimi 100. Ga kuma share fagen NCE, da ke ɗaukar wanda kiredit ɗinsa bai cika ba. Yaro ya shiga da murna, ya yi shekara uku, ya yi TP, wato gwajin koyarwa a aji, ya ci kwasa-kwasan Turanci da lissafi na gama-gari da manhajar NCCE, hukumar kula da kwalejojin ilimi, ta wajabta wa kowane ɗalibin NCE. Ke da kika yi ilimin firamare har dabarun koyar da lissafin aka koya miki, aka jarraba ki, kika ci. Ranar da kika ce za ki ƙara gaba, sai aka ture duk wannan gefe, aka jawo takardar da kika samu kina 'yar shekara 17. Kamar a ce tela ya shekara yana ɗinka wa unguwa kayan Sallah, ya nemi ƙarin koyo, a ce sai ya kawo shaidar cewa ya iya zura zare a allura lokacin da yake yaron shago.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba a gaya wa yara tun farko. Da a ranar rajista wani ya ce miki, 'yan mata, wannan D7 ba zai hana ki NCE ba amma zai hana ki digiri, da kin gyara shi kina aji ɗaya a kwaleji, lissafin sakandare na nan ɗanye a kanki, ba miji, ba goyo. Kwaleji na son ɗalibai, ta yi shiru. Jami'a ɗalibai sun yi mata yawa, tana neman hanyar rage su da ba ta buƙatar dogon bincike, kuma babu mai sauƙi kamar a duba kiredit biyar. Shekara 7 da kika yi a aji babu gurbin rubuta ta a fom, balle a ba ta maki.

Kuma ba kwaɗayi ne ya sa kike son digirin ba. A aikin gwamnati mai NCE daga mataki na 7 yake farawa, mai digiri daga na 8, kuma tazarar tana bin mutum har ritaya. NCE iyakarta firamare da ƙaramar sakandare. Tun Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 aka ƙudurta cewa ita za ta zama mafi ƙarancin takardar koyarwa, abin da daga baya ya kori takardar malanta mai daraja ta biyu da mu muka fara da ita. Su kwalejojin kansu sun girmi wannan: bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 aka buɗe manyan kwalejojin horar da malamai, ta Legas da ta Zariya a 1962. Shekara sama da sittin ke nan ana yaye masu NCE, amma har yau jami'a ba ta gama yarda da takardar ba. Tana karɓarta a ɗauki mutum a aji biyu, wato shekara uku na kwaleji sun zama ɗaya, sannan ta ƙi yarda cewa ta isa ta rufe giɓin darasi guda na sakandare.

Ga sharaɗin nawa. Ban ce a soke kiredit gaba ɗaya ba. Na duba littattafan darasi na malamai da yawa a garin nan, na ga mai NCE da ba ya iya rubuta wa uban yaro wasiƙa ta layi biyar da Turanci ba kuskure. Wasu kwalejojin, musamman cibiyoyin karatun ƙarshen mako da suka yi yawa a wani zamani, takarda suke sayarwa. Jami'a ta san haka, shi ya sa take fakewa da WAEC, wadda aƙalla jarrabawa ɗaya ce ga kowa. Tsoronta na da dalili, maganinta ne na kasala. Da ni ake tambaya, duk mai NCE da ya yi shekaru yana koyarwa, yana da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, sai a zaunar da shi jarrabawar Turanci da lissafi ta jami'ar kanta. Ya ci ya shiga, ya faɗi ya koma ya shirya. Wannan zai auna abin da kika sani yau. Ita kuwa ƙanwar mijinki ki bar ta, ba gurbinki ta ɗauka ba, layinta daban, kuma shekara huɗu za ta yi inda ke za ki yi uku.

Za ki ji ana cewa an cire lissafi. Gaskiya ne, a watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a lissafi ya daina zama dole ga masu neman fannonin adabi da harsuna da makamantansu, amma yana nan dole ga kimiyya, fasaha da ilimin zamantakewa. Da Hausa da Larabci kika haɗa a NCE, da na ce ki yi murna. Amma malamin firamare kowane darasi nasa ne, har da lissafin, don haka kada ki jingina da wannan sanarwa.

Shawarata, ki sake zama jarrabawar. Na san da zafi malama ta zauna benci ɗaya da yaran da ta girma da shekara goma, amma darasi ɗaya ne. WAEC da NECO duk suna da ta masu zaman kansu, kuma C6, mafi ƙarancin kiredit, kawai kike nema. Ki nemi malamin lissafi na babbar sakandare ya riƙa zama da ke da yamma, ku bi tsofaffin tambayoyi, don lissafin aji huɗu bai kai inda WAEC ke tambaya ba, kada girman kai ya ruɗe ki. Kafin ki biya kuɗin fom na gaba, ki buɗe kundin sharuɗɗa na JAMB a intanet ki duba ko makarantar da kike so tana karɓar sakamakon zama biyu. Wasu zama ɗaya suke so, kuma in haka ne gyara lissafi kaɗai ba zai fisshe ki a wurinsu ba.

Kada kuma ki kafe a kan makaranta ɗaya. A 2022 gwamnatin Legas ta haɗe Kwalejin Adeniran Ogunsanya da ke Ijanikin da Kwalejin Michael Otedola da ke Epe suka zama Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas, kuma ta Epe ɗin dama don malaman firamare aka gina ta, fanninki ke nan. Matsalar nisa ce, daga Agege zuwa Epe ba tafiyar mai aji da safe ba ce. Akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka, kuma dokar 2023 ta ba kwalejojin tarayya da suka cika sharuɗɗa damar ba da digiri da kansu, sai dai ita ƙarfinta a fannin sana'a, kasuwanci da kimiyya yake. Ga matar aure mai aiki irinki, na fi karkata ga Jami'ar NOUN ta karatu daga gida, ko shirin digiri na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ake yi a ƙarshen mako. Ba za ki ajiye aiki ba. Ki zauna da maigidanki tun yanzu a kan kuɗin makaranta da wanda zai riƙe yara ranar Asabar, don na ga digirin mata da yawa ya mutu a kan wannan, bayan takardunsu duk sun cika.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da aiki. Na gama NCE a arewa, yanzu ina taimaka wa kawuna a kasuwar Mile 12. Kiredit ɗina ya cika, amma da na je cike DE aka ce sunana ba ya cikin rajistar JAMB, kuma sai an tantance sakamakona daga kwaleji. Me ya kawo wannan wahala?
Ɗanka daga Mile 12

AMSA: Ɗana, abu biyu ne suka haɗe maka. Tun 2017 JAMB ta kawo tsarin CAPS, wanda ya ce duk ɗaukar ɗalibi sai ta bi ta hannunta. Makarantu da dama sun ci gaba da ɗauka ta bayan fage, ɗalibi ya biya kuɗi, ya gama, a wurin JAMB kuwa bai taɓa shiga ba. Laifin na makaranta ne, wahalar taka. Ka je ofishin JAMB da kanka da takardar ɗaukarka da sakamakonka, su faɗa maka ko shekarar shigarka na cikin waɗanda ake gyarawa, sannan ka bi ofishin rajistara na kwalejinku, don su ne za su tura sunanka.

Tantancewa kuwa ina goyon bayanta. JAMB ta taɓa ba da misalin Jami'ar Bayero, inda aka bincika takardun masu DE 148 aka samu 6 kacal na gaskiya. Bayan irin wannan ba wanda zai karɓi takarda a hannu ya yarda. Kwalejinku ce za ta tabbatar da sakamakonka, kuma ba ta da gaggawar da kake da ita. Ka nemi izinin kawunka na mako guda ka hau mota ka je da ƙafarka, waya ba ta motsa fayil. Duk wanda ya tare ka a shagon intanet ya ce kawo kuɗi zai saka maka suna, ka riƙe kuɗinka.