Tambayoyin Masu Karatu: Hawan Dutsen da Gobara ta Ratsa

Tambaya: Ni ɗalibi ne ɗan Zariya da ke karatu a Cape Town, Afirka ta Kudu. Abokaina suna so mu hau dutsen Devil's Peak, amma na ji cewa gobara ta cinye gefensa. Shin akwai abin kallo da ya rage, kuma babu haɗari?

Amsa: Malam, ka shirya takalminka, domin akwai abin kallo sosai. Gobarar da kake nufi ta tashi ne ranar 18 ga Afrilu, 2021, kusa da Rhodes Memorial, wani ginin tarihi da ke gefen dutsen, ta ƙone kimanin hekta 600, ta kuma shiga Jami'ar Cape Town ta cinye ɗakin karatu na Jagger, inda aka adana littattafai da takardu masu daraja kan tarihin Afirka. Wannan asarar ce har yanzu take yi mini ciwo, domin takarda ba ta toho.

Tsirran dutsen kuwa al'amarinsu daban ne. Ana kiransu fynbos, kuma da wuta suke sabunta kansu, kusan duk bayan shekara 10 zuwa 15. Wasu nau'o'in protea, wani tsiro mai furanni daga cikinsu, suna riƙe irinsu a cikin ƙoƙo mai tauri na tsawon shekaru, ba sa sakinsa sai wuta ta kashe uwar, sai irin ya zuba a kan toka. Wasu kuma tururuwa ce take jan irinsu cikin rami, inda zafi ba ya hallaka shi, alhali wasu ba sa tsira sam sai hayaƙi ya taɓa su. Duk wanda ya ga yadda ciyawa ke toho bayan ƙunar daji a ƙasarmu zai gane wani ɓangare na lamarin, sai dai a can idan wutar ta dawo da wuri, kafin sababbin tsirrai su balaga su yi iri, to ɓarna ce zalla. Itatuwan pine da Turawa suka shigo da su ma sun ƙara wa gobarar ƙarfi, saboda sun fi tsirran asali ci da wuta.

Hanyar da na fi so ita ce wadda take tashi daga titin Tafelberg ta hau zuwa mashigin da ke tsakanin Devil's Peak da Table Mountain, wanda ake kira Saddle, wato sirdi, saboda siffarsa. Daga nan sai ku haura ƙololuwa, mai tsayin mita 1,000.

Game da haɗari, ƙasar da wuta ta ci takan saki, musamman bayan ruwan da ake yi daga Mayu zuwa Agusta, don haka duwatsu kan gangaro, kuma busasshen itace kan faɗi ba zato. Kada ku kauce wa turba, domin ƙafa ɗaya tana iya murƙushe tsiron da ya yi shekaru yana jiran wuta. Inuwa ta yi ƙaranci, sai ku ɗauki ruwa isasshe da hula, da rigar sanyi ma, tunda iska da hazo sukan rufe mashigin cikin ƙanƙanin lokaci. Ku tafi cikin ayari saboda 'yan fashi, sannan ku duba sanarwar SANParks, hukumar da ke kula da gandayen dajin ƙasar, a safiyar ranar, domin takan rufe hanyoyi idan wata wutar ta tashi.