Furen Kan Dutsen Turai a Tsakar Gidan Agege

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya dawo daga Suwizalan da tsarabar irin wani ɗan farin fure mai suna Edelwayis, hotonsa a jikin takardar yana leƙowa daga tsakanin duwatsu. Na sa aka jibge mini duwatsu a kusurwar tsakar gida, na shuka rabin irin a watan Mayu. 'Yan kaɗan sun tsiro, amma kafin Yuni ya fita duk sun narke. Ruwa ne ya yi musu kaɗan, ko taki? Sauran rabin yana nan a ajiye.

Wata uwar gida, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ɗora wa kanki laifi, ba taki ba ne, ruwa kuwa yawa ya yi. Furen nan ɗan tsaunukan Alfas na Turai ne, yana rayuwa a tsayin kamar mita 1,800 zuwa 3,000. Ki auna da Chappal Waddi na Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, wanda ya tsaya a mita 2,419. Mu kuma a Legas kafaɗa da kafaɗa muke da teku.

A can yakan yi watanni yana barci ƙarƙashin dusar ƙanƙara, wadda ke rufe shi kamar bargo. Idan ta narke sai ya farka ya yi fure cikin rana mai haske da dare mai sanyi. Wannan sanyin daren shi ne abin da ba za mu iya saya masa ba, don darenmu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 22. Sannan ki tuna farin gashin da kika gani a hoton, mai kama da auduga. A kan dutse yana kare shi daga zafin rana da bushewar iska. A nan kuwa danshi yake riƙewa, ga shi kin haɗa shi da Yuni, watan da ruwan Legas ya fi tsanani.

Ni ma na taɓa ƙona hannuna. Wani maigida da nake kula wa da lambu a Ikoyi ya kawo 'yan'uwan furen nan cikin tukwane shida. Na bi su da lallashi kamar jinjiri, na kai su inuwa, na fitar da su rana. Wata safiya na ɗan ja ɗaya, sai ya biyo hannuna, wuyansa ya yi baƙi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar albasa, har da warin. Mako biyu tsakani ba ko ɗaya.

Amma duwatsun nan naki kada ki bari a kwashe su. A garin da ruwa ke kwanciya a tsakar gida, lambun dutse dabara ce mai kyau, in an gina shi daidai. Ki ɗaga wurin kamar kamu biyu daga ƙasa, ki fara da fasassun bulo a gindi. A kai ki zuba haɗin ƙasar lambu kwano ɗaya, yashi mai kaushi kwano ɗaya, ƙananan tsakuwar gini kwano ɗaya, irin wadda tifofi ke kawowa daga wajen Abeokuta. Ban da yashin bakin teku, gishiri gare shi. Kowane dutse a binne kusan rabinsa, a ɗan kwantar da shi baya don ruwa ya gangara ciki. Idan an jera su a sama kawai, sai wurin ya zama kamar kayan ginin da birkila ya manta. Bayan dashe ki kewaye wuyan kowace shuka da tsakuwa, kada jiƙaƙƙiyar ƙasa ta taɓa shi.

Me za ki dasa? Ki nemi Potulaka wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ɗan ƙasar Birazil ne, gajere, mai shimfiɗuwa, yana buɗe ido da hantsi ya rufe da yamma. Reshe ɗaya za ki karya ki soke ya kama. Akwai kuma wani mai kai kamar ƙaramar albasa, Zefirantus, wanda ke fitar da fure kwana kaɗan bayan an sheƙa ruwa. A can ƙololuwa ki sa kariya, tamu ta Arewa mai kaurin gindi da jan fure. Ita dai ki yi hattara, ƙaronta guba ne, in akwai yara masu kai komai baki ki haƙura da ita ki sa alobera.

Sauran irin kuwa, in kina da wani a Gembu, kan tsaunin Mambila, ki aika masa ya gwada. Ya fara sa shi a firji cikin yashi mai ɗan laima na kamar wata guda, ya barbaɗa a saman ƙasa ba tare da ya binne ba. Ko a can ban yi miki alkawarin fure ba. Takardar dai ki riƙe abinki, kada ƙaninki ya zo ya tarar an yar da tsarabarsa.